Halittun da ba sa mutuwa, ta yaya harshensu ya rarrabu?

Dan_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga waɗanda suka karanta littattafan marubucin Ingila J.R.R. Tolkien ce, ba waɗanda suka tsaya a fim ba. A ƙarshen juzu'i na uku na The Lord of the Rings akwai rataye da ya yi bayanin harsunan duniyar da ya ƙirƙira, wa ke magana da wanne, kuma a wace ƙasa. Abin da na fahimta shi ne Elfawa, wasu halittu masu kama da mutane a cikin labarin, duk tushensu ɗaya, da harshe ɗaya suka fara, daga baya ya rabu ya zama Quenya da Sindarin da wasu ƙanana.

To ga inda abin ya ɗaure mini kai. Mu 'yan Adam harshe yana sauya mana ne saboda kaka ta rasu, jika ya taso da nasa bakin, jikan jika ma haka. Su kuwa Elfawa tsufa ba ya kashe su. Akwai irin su Círdan da aka yi doguwar hijirar farko da su, kuma suna nan da ransu har ƙarshen labarin. Ta yaya harshe zai rabu har 'yan'uwa su kasa gane maganar juna alhali masu shi na asali suna zaune? Tuntuɓen alƙalami ne ko akwai dalili? Kuma don Allah wanda ya san taswirar harsunan gaba ɗaya ya shimfiɗa mana ita.

Ummu_Hanan:
Wa alaikumus salam. Na shimfiɗa tabarmata a nan, ina jiran malamai.

Malam_Nahawu:
Wa alaikumus salam. Bari a fara da taswirar, don rabin amsar a cikinta take.

Elfawa sun fara farkawa ne a bakin wani tafki mai suna Cuiviénen, can gabas mai nisa. A nan harshensu ɗaya ne. Da aka gayyace su su tafi yamma, ƙasar Aman da ke hayin teku, sai wasu suka ce ba inda za su. Su ne Avari, rabuwar farko ke nan. Waɗanda suka amsa gayyata su ne Eldar, ƙabila uku: Vanyar da Noldor da Teleri.

Vanyar da Noldor suka yi gaba, suka haye teku, harshensu ya zama Quenya. Teleri su ne mafi yawa kuma su ne a baya, sai suka riƙa zubewa a hanya. Wasu da suka hango tsayin Duwatsun Hazo suka karaya, suka tsaya wajen kogin Anduin. Su ne Nandor, daga gare su harshen Elfawan daji ya fito. Wasu suka kai Beleriand, bakin teku, amma suka tsaya neman shugabansu Elwë da ya ɓace, wanda daga baya ya zama Sarki Thingol. Su ne Sindar, harshensu Sindarin. Ragowar suka shiga teku, amma suka daɗe zaune a tsibirin Tol Eressëa kafin su ƙarasa gaɓar Aman, shi ya sa harshensu, Telerin, ya bambanta da Quenya duk da suna maƙwabta.

Ka ga duk inda ayari ya yada zango aka bar wasu a baya, nan reshe ya tsiro. Idan ka bi layin tafiyar daga gabas zuwa yamma, ka bi rassan dangin ɗaya bayan ɗaya.

Bakatsine_77:
Allah ya gafarta Malam, bari in ɗora misali don kada a ɗauka sunaye kawai Tolkien ya jera. Akwai wani babban tsuntsun ruwa fari mai dogon wuya. Da Quenya alqua, da Telerin alpa, da Sindarin alph. Ku dubi tsakiyar kalmar: sautin "kw" na asali ya tsaya a Quenya, amma a duk reshen Teleri ya koma "p". Haka saiwar "yin magana", Quenya quet-, Sindarin ped-. Duk inda sautin ya zo, haka ya sauya, ba a kalma ɗaya ba. Kuma irin wannan rabuwar tana nan a duniyarmu, tsakanin harshen Ayalan da na Wales. Kalmar "kai" a Ayalan ceann ce, a Wales pen. Shi Sindarin dama kan harshen Wales ya gina amonsa, Quenya kuma ya ɗebo daga harshen Finlan da Latinanci da Girkanci.

Dan_Fagge:
Na gode Malam, na gode Bakatsine. Amma har yanzu ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba. Na yarda nisa yana raba harshe idan zuriya tana shuɗewa. Amma mutumin da ya ce alkwa da bakinsa a gabas, shi ne dai yake zaune a Beleriand. Wace rana ya wayi gari ya fara cewa alph?

Yar_Damagaram:
Dan_Fagge, ni a ganina tun daga tushe tambayarka ta ɗauka cewa sai an mutu harshe yake sauyawa. Ba haka ba ne. Ƙanin kakata ya tafi Sudan yana saurayi, da niyyar wucewa hajji ta ƙasa, ya zauna can ya yi iyali. Da ya dawo ganin gida yana tsoho, da shi da kakata suka zauna a zaure suna hira, mu yara muna leƙe. Hausa yake yi, bai manta ta ba, amma rabin abin da zai ambata na kasuwa da na gida da Larabci yake fitowa, kuma hawa da saukar muryarsa ya sauya. Kakata ta riƙa cewa "me ka ce?" Shi kuma yana mamakin kalmomin Faransanci da suka cika bakinta, irin su lakwal da lokotoro, waɗanda bai bar ta da su ba. Uwa ɗaya uba ɗaya, ba wanda ya mutu a cikinsu, a cikin rayuwa guda. To ina ga dubban shekaru, ga teku a tsakani, ba wasiƙa ba ɗan aike?

Malam_Nahawu:
'Yar Damagaram ta faɗi gaskiya. Kuma Dan_Fagge, ka sani Tolkien da kansa ya yi wa kansa tambayar nan taka. Akwai wani ɗan rubutu nasa mai suna Dangweth Pengolodh, wanda ɗansa Christopher ya buga a 1996 cikin The Peoples of Middle-earth. A ciki wani matafiyi ɗan Adam ne yake yi wa wani masanin Elfawa wannan tambayar. A taƙaice amsar kashi biyu ce. Na farko, duk abin da ke cikin duniya yana sauyawa, har su Elfawan, sai dai a hankali. Suna iya tuna yadda aka yi magana a da, amma tunawa daban, harshen da mutum yake tunani da shi yau daban. Na biyu, wanda ya fi burge ni, su masu son harshe ne kamar yadda maƙeri yake son ƙarfe. Da gangan suke sauya shi. Idan wani ya fito da sabon sauti ya yi wa jama'a daɗi, sai su bi da shi ko'ina a cikin harshen, ba a kalma ɗaya ba.

Sannan a Aman sauyi yana tafiya a hankali, a wannan ɓangaren teku kuma yana sauri. Shi ya sa Sindarin ya fi nisa daga tushe, ya zubar da wasulan ƙarshen kalma, Quenya kuwa ya riƙe su. Da Noldor suka dawo Beleriand suka haɗu da Sindar, da farko magana ba ta yi sauƙi tsakaninsu ba.

Sarkin_Karatu:
Tunda an zo maganar sauyi da gangan, ba za a wuce rigimar Fëanor, ɗan sarkin Noldor, ba. A tsohon Quenya akwai sauti irin na harafin ث na Larabci. Sai yawancin Noldor suka fara mayar da shi "s", kamar dai yadda mu muka ɗauko hadisi da misali da Usman duk muka sa musu "s". Vanyar ba su sauya ba. Malaman Noldor suka ƙi yarda, kan gaba a cikinsu Fëanor, domin laƙabin mahaifiyarsa Míriel da wannan sautin ya fara, kuma ta rasu tana son a faɗe shi daidai. Da mahaifinsa ya sake aure, amaryar, Indis, ta bi masu cewa "s" duk da ita 'yar Vanyar ce. Fëanor ya ɗauki wannan a matsayin cin fuska ga uwarsa. Daga nan lafazin harafi guda ya zama alamar ɓangaren da kake. 'Ya'yansa suka riƙe tsohon sautin, sauran suka sake shi. Shi ya sa wata na sama da Quenya Isil ne, da Sindarin kuma Ithil.

Ashe ko ba mutuwa, zaman 'yan uba kaɗai ya isa ya raba baki.

Baban_Ikram:
Ku yi haƙuri in faɗi abin da ke raina. Manyan mutane masu ilimi kun zauna kuna nazarin nahawun halittun da babu su. Harsuna nawa ne a Bauci da Filato da Adamawa suke mutuwa yanzu haka, ba wanda ya rubuta ko ƙamus ɗinsu? Wannan ƙwazon can ya kamata a kai shi.

Ummu_Hanan:
Baban Ikram, damuwarka a kan hanya take, amma ɗaya ba ya hana ɗaya. Allah ya ambaci saɓanin harsunanmu da launukanmu cikin ayoyinsa a Suratur Rum, aya ta 22. Duk abin da zai sa yaro ya tsaya ya yi tunanin yadda harshe ke rabuwa, ni ina maraba da shi. Ɗiyata ta fara tambayata ko Hausa tana da 'yan'uwa ne bayan ta ga wannan bishiyar harsunan Elfawa, ba daga darasin aji ba. Kuma Tolkien ba ɗan tatsuniya ba ne kawai. Ya zama farfesan tsohon Ingilishi a Oxford a 1925, ya yi aiki a babban ƙamus na Oxford kafin nan. Shi da kansa ya rubuta cewa harsunan ne suka riga labaran, ya gina duniyar ce don harsunan su sami masu magana da su.

Bakatsine_77:
Ƙari a kan maganar Ummu Hanan. Dabarar da ya bi ita ce dai wadda ake bi a gano tarihin Hausa. Me ya sa muke cewa talaka amma talauci, ba talakci ba? Me ya sa ɓauna jam'inta ɓakane? Saboda "k" idan ya zo ƙarshen gaɓa ya narke ya zama "u". Me ya sa Basakkwace zai ce zamna da sabka, Bakano ya ce zauna da sauka? Wani Bajamushe, August Klingenheben, ya bayyana wannan ƙa'idar, har yau da sunansa ake kiranta. Wanda ya gane alqua da alph ba zai sha wuyar gane zamna da zauna ba. Daga nan kuma sai ya iya zuwa ya taimaki harsunan da Baban Ikram yake magana.

Baban_Ikram:
Idan har zai kai su can ɗin, ba ni da ja. Abin da nake gani dai yawanci a nan ake tsayawa.

Zango_Kumasi:
Ni tambayata ta mutane ce, an cika maganar Elfawa. Wane harshe Frodo da Gandalf da mutanen Gondor suke yi da juna? Turanci ne?

Sarkin_Karatu:
A'a. Sunansa Westron, harshen gama-gari. Tolkien ya tsara abin kamar shi mai fassara ne, ya sami tsohon littafi da Westron ya mayar da shi Turanci. Har sunayen ma ya ce fassara su ya yi. Sunan Sam na ainihi Banazîr ne, Hobitawa kuma, wato gajerun mutanen nan irin su Frodo da Sam, kuduk suke kiran kansu.

Asalinsa kuwa, a zamani na farko gidaje uku na mutane suka shigo Beleriand: gidan Bëor, gidan Hador, da mutanen Haleth. Harshen biyun farko dangin juna ne, na Haleth daban yake. Bayan Beleriand ta nutse aka ba su tsibirin Númenor, a can harshensu ya zama Adûnaic. Mutanen Númenor masu jiragen ruwa ne, suka kafa tashoshi a gaɓar Middle-earth, wato babbar ƙasar da labarin ya gudana a cikinta, babba a cikinsu Pelargir kusa da bakin kogin Anduin. A wannan tashar Adûnaic ya cakuɗa da harsunan 'yan ƙasa, Westron ya fito, ya bi gaɓa da kogi yana yaɗuwa. Zuwa ƙarshen zamani na uku ana yin sa a duk faɗin tsofaffin daulolin Arnor da Gondor, daga Umbar a kudu har Forochel a arewa, ciki kuma har Duwatsun Hazo.

Zango_Kumasi:
To wannan na gane shi sosai, don a cikinsa na tashi. A zango Bamoshe da Bazabarme da Bafrafra da Hausa suke ciniki, kuma Hausar tamu ta sauke wasu kaya a hanya. Mu "mace ya zo" ba laifi ba ne a wajenmu. Na je Kano aka yi ta gyara mini. Shi Westron ɗin ma yana da irin wannan bambancin daga gari zuwa gari?

Malam_Nahawu:
Yana da shi, ɗan'uwa, kuma misalin zai yi maka daɗi. A Westron akwai wakilin suna na girmamawa da na sabo, kamar yadda muke ce wa babba "ku", mu ce wa tsara "kai". Hobitawa a ƙasarsu ta Shire sun yar da na girmamawar, sai ɗan abin da ya rage a ƙauyuka. Da Pippin, ɗaya daga cikinsu, ya je Minas Tirith, babban birnin Gondor, sai ya riƙa ce wa kowa "kai", har da Denethor mai riƙon sarautar Gondor. Fadawa suka ɗauka lallai wannan ɗan sarki ne a ƙasarsu, in ba haka ba ina zai sami wannan ƙarfin hali. Turancin yau ba shi da wannan bambancin, shi ya sa mai karatu ba ya gani sai ya duba ratayen.

Mai_Doki:
Mutanen Rohan dai tsohon Ingilishi suke yi, wannan na tabbata. Théoden da Éomer duk sunayen tsohon Ingilishi ne.

Bakatsine_77:
Mai Doki, sunayen haka suke, amma ka koma kan abin da Sarkin Karatu ya faɗa na fassara. Tunda ya mayar da Westron Turancin yau, sai ya nemi abin da zai nuna wa mai karatu harshen da ke da dangantaka da Westron amma ya fi shi tsufa, sai ya sa tsohon Ingilishi a gurbinsa. Mutanen Dale da ke can arewa kuma ya ba su tsohon harshen mutanen Norway da Iceland. Dangantakar ce ya fassara. Su mutanen Rohan daga arewa suka sauko, daga saman kogin Anduin, a shekara ta 2510 ta zamani na uku ƙarƙashin Eorl, da harshensu suka zo. Hobitawa ma a wannan yankin suka taɓa zama kafin su yi yamma, shi ya sa Merry, ɗaya daga cikinsu, ya riƙa jin kalmomin Rohan suna yi masa kama da tsofaffin kalmomin gida. Ga kuduk, ga kûd-dûkan na Rohan, wato mazaunin rami.

Maƙwabtansu na Dunland kuwa dangi daban ne, jinin mutanen Haleth. Kalma ɗaya tak muka samu daga bakinsu, Forgoil, zagin da suke yi wa mutanen Rohan saboda launin gashinsu.

Almajirin_Zariya:
Ni abin da ya kama ni harshen Wadanni ne, Khuzdul. Wada ɗaya Khuzd, da yawa Khazâd, harshensu Khuzdul. Baƙaƙe uku ne suke tsaye, Kh-Z-D, wasula suna sauyawa a tsakani. Duk wanda ya yi sarfu a zaure ya san wannan, kataba, kitab, katib, maktub. Haka Orki, wato mugun halittar nan na rundunar maƙiya, ɗaya Rukhs, da yawa Rakhâs. Na ji daɗi da na gani, kamar na haɗu da ɗan unguwarmu a wata ƙasa. Ko rubutun Tengwar na Elfawa, wasulansa ɗige-ɗige ne da 'yan layuka a saman baƙi kamar na ajami, sai dai daga hagu ake farawa.

Mai_Doki:
Ke nan Khuzdul ɗan'uwan Hausa ne ta wajen uwa, tunda Hausa daga Larabci ta fito.

Malam_Nahawu:
A'a Mai Doki, a nan sai an raba aro da gado. Hausa ba 'yar Larabci ba ce. Tana cikin harsunan Cadi, reshen yamma, mafi kusa da ita Gwandara, sai irin su Bolanci da Angas da Bade a nesa kaɗan. Harsunan Cadi da su Larabci da Ibrananci da harshen Buzaye da tsohon harshen Masar duk rassa ne na babban dangin Afro-Asiya, kamar yadda Joseph Greenberg ya tsara a littafinsa na 1963. Littafi da alƙalami aro ne. Amma mutu, da ke kama da mata na Larabci, gado ne daga kaka ɗaya mai nisa.

Shi Khuzdul kuwa, a duniyarmu kan tsarin Ibrananci aka gina shi. A cikin duniyar labarin ba shi da dangi ko ɗaya. Aulë, ɗaya daga manyan masu ikon duniyar labarin, wanda ya ƙera Wadanni, shi ya tsara musu shi, suna koya wa 'ya'yansu, ba sa koya wa bare sai da ƙyar. Sunayensu na asali ko a kan kabari ba sa rubutawa. Gimli da Thorin sunayen waje ne da suka ara daga mutanen arewa. A kasuwa da harshen maƙwabta suke magana.

Hadiza_Jos:
Ban ga an taɓo abin da ya fi taɓa ni ba: hana harshe. Da Thingol ya ji cewa Noldor sun kashe 'yan'uwansa Teleri a Alqualondë don su ƙwace jiragensu, sai ya hana a yi Quenya a ƙasarsa, ya hana mutanensa su amsa wa mai yin sa. Noldor suka koma Sindarin a harkar yau da kullum, Quenya ya zama na littafi da waƙa da sunayen sarauta. A Númenor kuma aka yi akasin haka. Sarakunan farko da Quenya suke ɗaukar suna, masu farawa da Tar-. Daga Ar-Adûnakhôr aka koma Adûnaic, Ar-Gimilzôr kuma ya haramta harsunan Elfawa gaba ɗaya, sai a ɓoye ake koya wa yara.

Na san zafin wannan. A makarantar kwana da na yi akwai ɗalibar da aikinta shi ne rubuta sunan duk wadda aka ji tana yin banakula. Ranar Asabar a ba ki lauje ki yanke ciyawar bayan ɗakin kwana. Ni da ƙawata, 'yan gari ɗaya, sai mun ja bargo mun rufe kai sannan mu yi hira da harshen iyayenmu. Kuma harshen iyayen nawa ba Hausa ba ne. A gari Hausa ta danne shi, a makaranta Turanci ya danne su duka biyun.

Yar_Damagaram:
Allah sarki Hadiza. Mu ma a nan an yi irin wannan da Faransanci, iyayenmu suna ba da labari. Kuma kin ƙara wa Dan_Fagge amsa, sarki ma yana sauya taswirar harshe da baki ɗaya.

Hadiza_Jos:
Sannan akwai abin da ba zan yi shiru a kansa ba. Ku dubi taswirar nan da kyau. Arewa maso yamma cike take, kowane kwari da karin harshensa, Sindarin kaɗai yana da na Doriath da na bakin teku da na arewa wajen Mithrim. Amma ku gangara kudu, ƙasar masu duhun fata da giwaye. Me muka samu? Mûmak, sunan giwa. Ko sunan ƙasar, Harad, ba nasu ba ne, Sindarin ne, ma'anarsa kudu. Rhûn ma gabas kawai take nufi. Mutumin da ya zauna ya tsara rigima a kan harafi guda bai ba rabin duniyarsa ko jimla ɗaya ba. Orkawa ma sun fi su samun kalmomi.

Sarkin_Karatu:
Ranki ya daɗe, gaskiya ne babu. Amma a tuna labarin daga bakin Hobitawa da marubutan Gondor aka ce ya fito, abin da suka sani suka rubuta. Kuma shi abin da ya ƙware a kai harsunan arewacin Turai ne. Avari ma da suke Elfawa, kalmomi shida kawai ya bar musu, duk siffofi ne na kalmar Quendi, irin su kindi da hwenti da penni. Duk wanda bai yi yamma ba haka ya bar shi.

Hadiza_Jos:
Ai ka ƙara ƙarfafa maganata ne. Shi ya zaɓi wanda zai ba da labarin. Ina son littattafan, na karanta su fiye da sau ɗaya, amma a Afirka aka haife shi, a Bloemfontein a 1892, kuma kudun duniyarsa bebe ne.

Ummu_Hanan:
Yana ƙaramin yaro aka mayar da shi Ingila, Hadiza, ban ga abin da zai tuna ba. Amma giɓin yana nan kamar yadda kika ce. Ni ina ganin namu marubutan ne za su cike irinsa a tasu duniyar. Wanda ya tashi yana jin Hausa da Fulatanci da Barbarci da Zabarmanci a kasuwa ɗaya, harsunan da Hausa ba ta haɗa dangi da ko ɗaya a cikinsu ba, ya fi kowa sanin yadda dangogi daban-daban suke zama wuri guda suna aron juna.

Dan_Fagge:
Bari in dawo da mu. Na karɓi maganar 'Yar Damagaram da ta Malam, amma sai ta haifar mini da wata. Wadanni suna mutuwa, harshensu bai sauya ba sai kaɗan. Elfawa ba sa mutuwa, nasu ya rabu gida-gida. Orkawa fa?

Almajirin_Zariya:
Nasu ya fi na kowa watsewa. Sauron, babban mugun labarin, ya ƙirƙiri Baƙin Harshe don duk bayinsa su yi magana da baki ɗaya, abin bai kama ba. Bayan faɗuwarsa ta farko sai Nazgûl, manyan bayinsa, kaɗai suka riƙe shi. Orkawa suka tsinci 'yan kalmomi a ciki, irin su ghâsh, wuta, suka haɗa da abin da suka wawuro daga wasu harsuna. Kowane rami da nasa karin, har idan runduna biyu suka haɗu sai da gurɓataccen Westron suke fahimtar juna. Ga alama a wajen Tolkien abin da ke riƙe harshe ko ya sake shi shi ne yadda masu shi suka ɗauke shi. Wadanni sun ɗauke shi amana, Elfawa sana'a, Orkawa ba su damu ba.

Bakatsine_77:
Ban yarda da wannan gaba ɗaya ba. A zahiri harshe ba ya lalacewa don masu shi mugaye ne, kuma ba ya tsayawa don ana son sa. Khuzdul ya tsaya ne saboda ba shi ne na ciniki da wasan yara ba, koyar da shi ake yi kamar karatu. Duk harshen da aka mayar na karatu haka yake daskarewa, Quenya ma da ya bar bakin uwaye ai tsayawa ya yi. Maganar Orkawa kuwa ra'ayin marubucin ne ya shigo, ba ƙa'idar harshe ba.

Kuma a sani taswirar nan ba ta zauna wuri ɗaya ba a hannun Tolkien. Harshen mai amon Wales tun wajen 1917 yake aiki a kansa, da farko na Noldor ne, sai daga baya ya miƙa shi ga Sindar. A rubutunsa na Lhammas na wajen 1937 ma cewa ya yi Elfawa daga wajen Oromë, wani mai iko irin Aulë, suka koyi magana, daga baya ya janye wannan. Har ya rasu a 1973 yana gyara.

Zango_Kumasi:
To Elfawan Lórien fa, su Galadriel? A bishiyar Malam ina suka faɗo? Na tuna Frodo ya san Sindarin amma da suka isa can bai gane maganar masu gadin daji ba.

Malam_Nahawu:
Nan wuri ne mai sarƙaƙiya. Talakawan Lórien jinin Nandor ne, waɗanda suka tsaya a Anduin. Galadriel kuwa daga Aman ta zo, mahaifinta Banoldo, mahaifiyarta daga Teleri, Quenya ta tashi da shi. A cikin labarin Frodo ya ɗauka wani harshe ne daban na Elfawan daji. Amma a ratayen Tolkien ya sa ɗan bayani a ƙasan shafi cewa Sindarin ne suke yi a lokacin, sai dai da karin bakin mutanen daji, kuma Sindarin ɗin Frodo bai yi zurfi ba, shi ya sa ya ruɗe. Tsohon harshen ya saura a sunaye irin su Nimrodel da Amroth da Lórien ɗin kanta.

Yar_Damagaram:
Malam, a Mirkwood wajen su Legolas ma haka ne? Don na ga mahaifinsa Thranduil Basinde ne amma jama'arsa 'yan daji ne. Da wanne ake magana a fada, da wanne a cikin gari? Wanda yake da Unfinished Tales a kusa ya duba mana ratayen da ke bayan labarin Galadriel da Celeborn, a can aka yi maganar.